VPN ya haɗu amma ba a kai ga sabar ofis: yadda nake bin sawun matsalar

Kiran yakan zo ne a ƙarshen wata, bayan la'asar, lokacin da ake haɗa albashi. A wannan karon Hajiya ce, shugabar sashen kuɗi, tana gida tana jinyar ƙafa. "Injiniya, VPN ɗin nan ya ƙi yi, kuma gobe ake biyan mutane." Na daɗe ina kula da hanyar sadarwar wani kamfanin rarraba kaya da ke Bompai a Kano, ma'aikatansa suna shiga daga gida, daga Kaduna, wani lokacin daga ɗakin otal a Abuja. Abin da aikin ya koya mini shi ne kalmar "ya ƙi yi" tana rufe cututtuka uku da ba su da alaƙa da juna. Ko dai ramin, wato rufaffiyar hanyar da VPN ke buɗewa ta cikin intanet tsakanin kwamfutar ma'aikaci da ofis, bai haɗu ba sam, ko ya haɗu amma ba abin da ke wucewa ta cikinsa, ko kuma abu yana wucewa amma yana sarƙewa a hanya. Kafin ka taɓa katangar tsaro, wato fayawol, ka san wacce ce a gabanka.

Shi ya sa nake fara da tambayoyi, ba da buɗe kwamfuta ba. Na ce, "Hajiya, ki ɗauki hoton fuskar kwamfutar ki turo mini ta WhatsApp." Kada ka yarda a karanta maka saƙon kuskure da baki, domin mutane suna taƙaita shi, lambar da kake nema kuma ita ce ake zubarwa. Sannan ka duba ko wasu suna ciki a daidai lokacin. In mutum biyar suna aiki lafiya, ɗaya ne ya maƙale, to ka kyale katangar tukuna, ka koma wajen mai kiran. Tambaya ta uku ita ce me ya canja tun ranar ƙarshe da abin ya yi: sabon layin intanet, sabuwar rauta, sabunta Windows, ko wani ya taɓa wani abu a ofis. Sai kuma gwaji mafi sauƙi da na sani: ya cire kwamfutar daga Wi-Fi ɗin gida, ya jona ta da datar wayarsa. In ya yi a kan waya, ka riga ka raba matsalar gida biyu.

Idan bai haɗu ba sam

A nan abu ɗaya kake son ka tabbatar: shin fakitin mai kiran, wato ɗan ƙunshin bayanan da kwamfutarsa ke aikawa, yana isowa bakin katanga? Gani ya kori ji. Ka kunna kama fakiti a fuskar katangar da ke kallon waje, ka ce masa ya danna. A na'urar Linux:

tcpdump -ni any udp port 500 or udp port 4500

A katangar FortiGate akwai diagnose sniffer packet, a MikroTik akwai Torch, a Cisco ASA akwai capture. Amma sai ka san tashar da kake saurare, wato lambar ƙofar da kowane nau'in VPN ke bi. IPsec yana fara gaisuwa a UDP 500, in akwai NAT a tsakani, wato na'urar da ke sauya wa fakiti adireshi, ya koma UDP 4500, in babu kuma bayanan su bi ta ESP, wanda yarjejeniya ce mai lamba 50, ba tasha ba. Mutane da yawa suna buɗe "tasha 50" suna jiran abin ya yi, ba zai yi ba. OpenVPN ya saba da UDP 1194. WireGuard yawanci UDP 51820, amma a MikroTik 13231 zai ba ka in ba ka canja ba. SSTP da AnyConnect suna kan TCP 443, AnyConnect kuma yana ƙara UDP 443 don sauri. Ka kuma tuna cewa shafukan nan masu gwada ko tasha a buɗe take TCP suke gwadawa. Ba za su faɗa maka gaskiya a kan UDP ba, WireGuard ma da gangan ba ya amsa wa duk wanda bai zo da mabuɗi ba.

In ba ka ga komai ya iso ba, ka bar dokokin katanga, matsalar tana gabanta. A nan ƙasar abin da ya fi kama mutane shi ne ofis ba shi da adireshin IP na waje na kansa. Ka shiga rauta ka karanta adireshin da kamfanin intanet ya ba ta, ka kwatanta da wanda duniya ke gani in ka bincika adireshinka a burauza. In sun sha bamban, musamman in na rautar ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, to kana bayan CGNAT, kai da ɗaruruwan mutane kuna raba adireshi ɗaya. An ware wannan zango ne a 2012 don wannan aiki. Duk tura tashar da za ka yi a banza ne, domin ƙofar gidan ba taka ba ce. Layukan waya haka suke, Starlink ma da ya shigo Najeriya a Janairun 2023 haka yake a tsarinsa na gida. Na ga ofisoshin da suka koma kansa suna murnar sauri, washegari VPN ya mutu. Mafita ita ce a sayi adireshin waje tsayayye daga kamfanin intanet, ko a kama hayar ƙaramar saba a waje wadda ofis da ma'aikata duka za su kira ta, ko a yi amfani da irin su Tailscale da ZeroTier.

In adireshin na waje ne amma yana kan na'urar kamfanin intanet, katangarka kuma tana bayanta, sai an tura tashoshin daga waccan zuwa wannan. In adireshin mai canjawa ne, ka buga nslookup a kan sunan da ma'aikata ke kira ka ga ko yana nuna adireshin yau ko na makon jiya.

To in fakiti ya iso, katanga ba ta amsa ba fa? Ka duba jerin dokoki daga sama zuwa ƙasa, domin ta farko da ta dace ita ke yanke hukunci. A MikroTik, tsarin da ya zo da shi yana da dokar da ke jefar da duk abin da ya nufi rautar kanta in ba daga cikin gida ya fito ba. Sabuwar dokarka in ta sauka ƙasa da wannan, kamar ba ka rubuta ta ba. Ka ja ta sama, ka kalli ma'aunin fakitinta ya fara motsi.

In an fara gaisawa sannan aka watse, lambar kuskuren Windows tana taimako. 691 suna ne ko kalmar sirri, ko asusun ba shi da izinin shiga daga nesa. 789 yawanci mabuɗin sirrin da ɓangarorin biyu suka raba ne bai zo ɗaya ba, ko ba su daidaita kan irin ɓoye bayanan da za su yi ba. 809 na nufin babu amsa, kuma in L2TP ne sabar VPN ɗin tana bayan NAT, Windows ba ya yarda sai an ƙara masa AssumeUDPEncapsulationContextOnSendRule mai daraja 2 a rajistarsa, ƙarƙashin Services\PolicyAgent, sannan a sake kunna kwamfutar. 13801 takardar shaida ce a IKEv2: ta ƙare, ko sunan da ke jikinta ba shi ne wanda aka kira ba, ko kwamfutar ba ta san wanda ya sa mata hannu ba.

Ka duba agogo. Ina nanata wannan saboda yanayin wutarmu. Yawancin ƙananan na'urorin MikroTik ba su da batirin agogo, in wuta ta ɗauke na dogon lokaci suka farka ba su sami NTP, wato sabar da ke saita musu lokaci, ba, lokacinsu zai karkace, sai takardar shaida mai kyau ta zama kamar ba ta fara aiki ba. Lambobin tabbatarwa na waya duk sakan 30 suke canjawa, Kerberos kuma, tsarin da Windows ke tantance masu shiga da shi a ofis, ba ya lamuntar bambancin da ya wuce minti 5. In kuma har yanzu tsohon nau'in VPN ɗin nan, PPTP, kake ba mutane, lokaci ya yi da za ka bar shi. An nuna yadda ake fasa shi tun 2012, Apple ya cire shi a 2016 da fitowar iOS 10, ga shi kuma yana dogara da GRE, wadda hanyoyin sadarwa da yawa ba sa wucewa da ita.

Ya haɗu, amma shiru

Hoton da Hajiya ta turo ya nuna ya haɗu, har VPN ya ba ta adireshi 10.99.0.7. A nan ne gizo ke saƙar, kuma a nan nake so ka rage sauri. Haɗuwa tana nufin an buɗe maka ƙofar zaure ne kawai. Daga zaure zuwa ɗakin da kake nema akwai tafiya, akwai kuma dawowa, dawowar ce mutane suke mantawa.

In WireGuard ne, kada ka ma gaskata alamar haɗuwar. Manhajar tana nuna tana aiki da zarar an danna, ko da ba a taɓa yin musabaha da ɗaya ɓangaren ba. Ka buga wg show ka nemi lokacin musabaha ta ƙarshe. In babu, ko bayanai suna fita ba sa shigowa, ka koma sashen da ya gabata.

Na fara da kwamfutar Hajiya. Ofishinmu yana kan 10.20.0.0/24, sabar lissafi tana 10.20.0.15, katanga tana 10.20.0.1. Na sa ta buga route print ta turo hoto. Abin da nake nema shi ne layin da ya ce hanyar 10.20.0.0 tana bi ta ramin. In babu shi, kwamfutar za ta miƙa fakitin ga rautar gida, ya fita intanet ya ɓace. Wannan yana faruwa ne in an raba hanya, wato aikin ofis ya bi rami, sauran yawo ya bi intanet ɗin gida, amma aka manta saka wani zango a jerin. A WireGuard jerin shi ne AllowedIPs. A VPN ɗin Windows ana ƙara shi da Add-VpnConnectionRoute. A FortiGate da ASA kuma daga katanga ake turo shi. Duk lokacin da aka buɗe sabon zango a ofis, a tuna da wannan jeri.

Akwai wata cuta a nan da ke ɓata wa mutum yini guda. Ofis yana kan 192.168.1.0/24, gidan ma'aikaci ma haka. Kwamfuta ta ga ana neman 192.168.1.10, sai ta ce ai wannan maƙwabcina ne, ta yi ta kiransa a cikin falo, ba ta taɓa tura shi rami ba. Alamarta ita ce abin yana yi a gidan wani, ba ya yi a gidan wani, yana kuma yi a kan datar waya. Rautocin gida 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 suke zuwa da shi, ƙananan na'urorin Huawei na aljihu 192.168.8.1, MikroTik 192.168.88.1, iPhone kuma 172.20.10.1 yake rabawa. Maganin gaggawa shi ne ka ƙara hanya ta musamman zuwa sabar kaɗai, 192.168.1.10/32, domin hanyar da ta fi ƙayyadewa ita ke rinjaye. Maganin gaskiya kuwa a sauya wa ofis zango zuwa wanda ba kowa ke da shi a gida ba. Aikin ƙarshen mako ɗaya ne mai gajiyarwa, da firintoci da kyamarori da duk abin da aka rubuta wa adireshi da hannu, amma ban taɓa nadamar yin sa ba.

Hanyar Hajiya tana nan daidai. Sai na koma katanga. Izinin haɗuwa daban, izinin wucewa ciki daban. A FortiGate sai an rubuta doka daga ssl.root zuwa cikin gida, kuma dole tushenta ya ƙunshi zangon VPN da rukunin ma'aikatan. A ASA, umarnin sysopt connection permit-vpn yana barin abin da ya fito daga rami ya tsallake dokokin fuskar waje, in an kashe shi sai ka rubuta dokar da kanka, ka kuma duba ko an ɗora vpn-filter a kan rukunin. Kada ka yi ta zato. ASA tana da packet-tracer, FortiGate tana da diagnose debug flow, kowannensu zai faɗa maka dokar da ta kama fakitin da abin da ta yi da shi.

Ina roƙonka da abu ɗaya a nan. Idan gumi ya fara keto maka, Oga yana kira, za ka ji kamar ka rubuta dokar "kowa zuwa ko'ina" ka ga ko zai yi. In dole ne ka gwada, ka taƙaita ta ga adireshin mutum ɗaya, ka kunna mata rajista, ka goge ta kafin ka tashi daga kujera. Na sha gadar katangu na tarar da irin wannan doka ta shekara uku tana zaune, da kwamfutocin gida da yara ke wasa da su suna iya taɓa kowace saba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bayanan albashin mutane amana ce a hannunka.

Abu na gaba shi ne NAT. Katanga tana da dokar da ke sauya wa duk abin da ya fita waje adireshi. Amsar da saba ke mayar wa mai VPN ita ma a idon katanga waje ta nufa, don haka in ba a keɓe ta ba za a sauya mata adireshi, ta kasa dacewa da ramin. A ASA ana rubuta dokar keɓewa tsakanin zangon ciki da zangon VPN a saman jeri. A MikroTik mai IPsec tsantsa ana sa dokar accept a srcnat kafin masquerade, a kuma hana fasttrack kwashe waɗannan fakitoci. Ma'aunai suna tona wannan: a ASA ka buga show crypto ipsec sa, in decaps yana hawa encaps yana tsaye a sifili, to saƙo yana shigowa, amsa ce ba ta fita.

Haka na gani a ranar, shigowa babu fita. Na kama fakiti a fuskar cikin gida, na ga buƙatar Hajiya tana fita zuwa 10.20.0.15 a tasha 445 sau uku, ba amsa ko ɗaya. Katanga ta yi nata. Na shiga sabar na buga ipconfig, sai ga shi: ƙofar fitarta, wato na'urar da take miƙa wa duk abin da zai bar zangonta, ita ce 10.20.0.254, tsohuwar rautar da muka bari don layin ajiya. An sake girka sabar makon da ya wuce, aka kwafi saitin daga tsohuwar takarda. A cikin ofis ba wanda ya lura, domin 'yan zango ɗaya ba sa buƙatar ƙofar fita su yi magana da juna. Amma amsar da za ta je 10.99.0.7 sai ta miƙa ta ga tsohuwar rauta, ita kuma ba ta san wannan zango ba, ta watsa ta intanet. Duk inda akwai ƙofar fita biyu, ko babbar suwic mai raba hanya a tsakiya, ka tambayi kanka ko kowace na'urar da ke kan hanyar dawowa ta san inda zangon VPN yake.

Wasu suna guje wa wannan ta hanyar yanko adireshin VPN daga cikin zangon ofis. Yana yi, amma sai an kunna proxy-arp a fuskar ciki, in ba haka ba saba za ta yi ta kiran adireshin a cikin gida ba mai amsa mata. Ni na fi son zango daban, ya fi sauƙin rubuta doka da karanta rajista.

Kada ka jingina hukuncinka a kan ping kaɗai. Katangar Windows ta kan sabar tana iya hana shi, kuma sau da yawa dokokin raba fayil an taƙaita su ga zangon gida, mai VPN kuwa baƙo ne. Ka gwada tashar da ake buƙata kai tsaye:

Test-NetConnection 10.20.0.15 -Port 445

Ka sa 3389 in shiga kwamfuta daga nesa ake so. In adireshi yana yi, suna ba ya yi, DNS ne, wato tsarin da ke fassara suna zuwa adireshi: ipconfig /all zai nuna ko ramin ya karɓi sabar DNS ta ofis, sai ka tabbatar an buɗe tasha 53 zuwa gare ta, UDP da TCP.

Yana yi, yana sarƙewa

Ping yana dawowa, shafin shiga yana buɗewa, amma fayil mai nauyi ya tsaya, ko fuskar kwamfutar nesa ta yi baƙi ta daskare. Girman fakiti ne. Hanyar Ethernet tana ɗaukar 1500, PPPoE 1492, rami kuma yana ƙara nasa lulluɓin a kai, shi ya sa WireGuard ke farawa da 1420. Ƙananan fakitoci suna wucewa, manya su maƙale, saƙon ICMP da ya kamata ya ce a rage girma kuma wani ya toshe shi a hanya. Ka auna ta cikin ramin:

ping -f -l 1372 10.20.0.15

Ka riƙa ragewa ko ƙarawa har ka sami mafi girman da ke wucewa. Ka ƙara masa 28, shi ne MTU ɗinka, wato iyakar girman fakitin da hanyar ke ɗauka. Ka cire 40 daga MTU, shi ne MSS, wato iyakar girman bayanan da ke cikin fakitin TCP, da za ka ɗaure a katanga. In 1372 ne ya wuce, MTU 1400 ke nan, MSS 1360. In kuma ramin yana mutuwa ne idan an ɗan bar shi ba aiki, NAT ɗin da ke hanya ne ya manta da shi, PersistentKeepalive = 25 a WireGuard yana tsayar da wannan.

Na gyara ƙofar fitar sabar zuwa 10.20.0.1, na gyara tsohuwar takardar da aka kwafa, na ƙara wa tsohuwar rautar hanyar 10.99.0.0/24 ta koma katanga saboda kyamarori biyu da ke kallonta har yanzu. Ban ce wa Hajiya ya yi ba don na ga ma'auni yana hawa. Na ce, "Hajiya, ki buɗe fayil ɗin albashin da kansa, ki canja wani abu, ki adana, ki rufe, ki sake buɗewa." Ta yi ina kan waya. Sannan na roƙe ta ta koma Wi-Fi ɗin gida daga datar wayar da muka yi gwaji da ita, ta maimaita, domin a kansa za ta yi aikin da daddare.